KATANGAR DA TA KARKATA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A ƙarshen Disambar 2024 wata na'urar hangen nesa da ke ƙasar Chile ta hango wani dutse yana yawo a sararin samaniya, aka sa masa suna 2024 YR4. Faɗinsa kamar mita 60 ne. Masana suka zauna da lissafi, suka ce akwai yiwuwar hanyarsa ta haɗu da ta duniyarmu ranar 22 ga Disamba, 2032. Duk sanda aka ƙara kallonsa sai alƙaluma su motsa, har a tsakiyar Fabrairun 2025 suka haura kashi 3 cikin 100, kuma layin da aka zana na inda zai iya faɗowa ya ratsa ta Afirka. Bayan 'yan kwanaki aka ƙara samun bayanai, lissafin ya faɗo ƙasa warwas, aka ce duniya ta fita daga haɗarinsa.

Da yawanmu ba mu ma ji labarin ba, waɗanda suka ji kuma dariya suka yi, ana fama da kuɗin shinkafa wa ke ta dutsen 2032? Amma ku haɗa shi da wani labarin. Ranar 26 ga Satumba, 2022, hukumar NASA ta Amurka ta tura wani kumbo da gangan ya je ya yi karo da wani dutsen mai suna Dimorphos, a nisan kusan kilomita miliyan 11 daga nan. Dutsen yana kewaya wani babban ɗan'uwansa ne cikin awa 11 da minti 55, bayan karon sai kewayen ya ragu da minti 32. An gwada, an ga ɗan'adam yana iya ture dutse daga hanyarsa idan ya gan shi da wuri.

To ga tambayar da nake so mu yi tunani a kai tare, 'yan'uwa. Dutse ya faɗo wa mutane daga sama, tun zamanin da ake rubuta tarihi ba a taɓa tuhumar kowa a kansa ba, sai dai a yi ta'aziyya. Yau idan an gan shi shekara takwas kafin ya iso, kuma akwai hanyar ture shi, aka ƙi yi, shin har yanzu ta'aziyya ce kawai ta rage? Ko akwai wanda za a tambaya?

Na san wani zai ce: Malam, ai wannan shiga gaibu ne. A'a, ɗan'uwa. Gaibu shi ne abin da babu wani sababi da zai kai ka ga saninsa. Mutumin da ya ga hadari ya haɗo ta gabas, iska ta juya, ya ce wa iyalinsa a kwashe shanya, ba wanda ya taɓa kiransa boka. Kakanninmu da ido da hanci suke yi, na yanzu da tauraron ɗan'adam da kwamfuta. Kuma ka lura da yadda masanan ke magana: kashi 3 cikin 100, kashi 70 cikin 100. Boka ne ke cewa tabbas. Ita kuwa shari'a ba ta jiran yaƙini kafin ta ɗora wa mutum aiki. Alƙali da shaidu biyu yake yanke hukunci alhali suna iya yi masa ƙarya, mara lafiya kuma da maganar likita yake ajiye azumi. Malaman usul suna kiran wannan rinjayen zato, kuma a kansa aka gina mafi yawan fiƙihu.

Akwai wata mas'ala a littattafan Malikiyya, har da Muhtasar na Shehu Khalil, wadda ɗalibai kan wuce ta da sauri saboda tana can ƙarshen littafi: mas'alar katangar da ta karkata. Mutum ya gina katangarsa a miƙe, daga baya ta karkata ta kan hanya, ta faɗo ta kashe wani ko ta ɓata dukiyarsa. Shin mai katangar zai yi lamuni, wato ya biya abin da ya salwanta? Malamai suka ce yana lamuni idan abu uku suka haɗu: katangar ta karkata, an gargaɗe shi, kuma ya samu lokaci da halin da zai gyara amma bai yi ba. Malaman Hanafiyya suka ƙara wani bayani mai kyau, cewa gargaɗin sai an yi shi ga wanda ke da ikon rushe katangar. Idan ka je ka faɗa wa ɗan haya, ba ka yi komai ba, domin ba shi da ikon taɓa ta.

Ku duba hikimar nan. Katanga ɗaya ce, faɗuwa ɗaya, gawa ɗaya. Jiya da babu wanda ya sani, musiba ce. Yau da maƙwabci ya zo ya ce “Alhaji, katangar nan fa ta karkata”, ta koma amana a wuyan Alhaji. Ba abin da ya canja a jikin katangar. Abin da ya canja shi ne yanzu an sani. Ni a fahimtata babban abin da binciken kimiyya na 'yan shekarun nan ke yi mana ke nan: ya zama maƙwabcin da ke yawo gida-gida yana nuna katangu.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Derna a ƙasar Libiya. A daren 10 ga Satumba, 2023, guguwar da aka sa wa suna Daniel ta zubar da ruwa mai yawa a kan tsaunukan gabashin ƙasar, madatsun ruwa biyu da ke saman garin suka ɓalle, ruwa ya kwashe unguwanni ya zuba a teku. Gawawwakin da aka tabbatar sun haura 4,000, ban da dubban da ba a gani ba. An gina madatsun ne tun shekarun 1970. Kuma a 2022, shekara ɗaya kacal kafin abin, wani malamin jami'ar Umar al-Mukhtar mai suna Abdelwanees Ashoor ya wallafa bincike yana cewa madatsun suna buƙatar gyara, idan babbar ambaliya ta zo mutanen garin suna cikin haɗari. A Yulin 2024 wata kotu a can ta ɗaure jami'ai 12. Ko alƙalan sun duba Muhtasar ko ba su duba ba, sharuɗɗan nan uku ne suka cika.

A irin wannan wurin ne kalmar “haka Allah Ya ƙaddara” take zama gaskiyar da aka ajiye ba a muhallinta ba. Eh, Allah Ya ƙaddara, babu musulmin da ke jayayya. Amma malamai sun daɗe da rarrabewa: ƙaddara uzuri ce ga wanda musiba ta samu, don zuciyarsa ta samu sanyi, ba ta zama uzuri ga wanda ya yi sakaci. Matar da ta rasa 'ya'yanta a Derna tana da haƙƙin faɗin kalmar. Wanda aka ba kuɗin gyara ya ci, idan ya faɗe ta, fakewa yake yi. Sayyidina Umar (RA) da ya isa Sarg a hanyar Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke, shawara ya yi da sahabbai rukuni-rukuni, sannan ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida (RA) ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ai shi ya zaɓa. Kuma labari kawai Umar ya samu, bai ga annobar da idonsa ba.

Yanzu shi maƙwabcin nan mai gargaɗi ya ƙara sauri. A Nuwamban 2023 kamfanin Google DeepMind ya fitar da wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira mai suna GraphCast. An ɗura mata bayanan yanayin duniya na kusan shekara 40, ta koyi yadda yau ke haifar da gobe, har tana fitar da hasashen kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya, aikin da manyan kwamfutoci ke ɗaukar awanni suna yi. A nan gida ma hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Duk da haka mun ga abin da ya samu Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, alhali garin ya taɓa ganin irinsa a 1994.

Sai dai a nan ake yawan zaluntar talaka. Da an yi ambaliya sai ka ji ana cewa ai an gargaɗe su, taurin kai ne ya hana su tashi. Tsaya tukuna. Rahoton da aka rubuta da Turanci aka ɗora a intanet, shin ya isa kunnen tsohuwar da ke bakin gulbi? Idan ma ya isa, ina za ta je, da wane kuɗin mota, wa zai tsare mata awakinta? Ita ce ɗan hayan da Hanafiyya suka ce faɗa masa bai zama gargaɗi ba. Mai katanga shi ne mai ikon gyara madatsa da yashe magudana da buɗe makaranta a kan tudu mutane su fake. Kada a ɗauke lamuni daga wuyan mai iko a rataya wa wanda katangar ta faɗo a kansa.

Amma akwai katangar da mu ne masu ita, a cikin gidajenmu take, kuma ita ce ta fi yi mini wuyar magana: sikila. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu wannan ciwo a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Lissafinta kuwa ba ya buƙatar tauraron ɗan'adam. Idan miji AS ne, mata AS ce, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. A kula, kowane ciki na ce. Ba wai a haifi uku lafiya na huɗu ya zo da ita ba, kamar yadda wasu ke zato har su ce za su tsaya a uku. Ana iya haifar shida babu ko ɗaya, ana iya haifar biyu duka su zo da ita.

Ku kwatanta. Ƙa'idar masu lura da duwatsun sama ita ce da zarar yiwuwar faɗowar babban dutse ta wuce kashi 1 cikin 100, sai a sanar da duniya. Kashi ɗaya fa! Mu kuwa ana ce mana kashi 25, a kan ɗanmu na cikinmu, sai mu ce Allah ne mai tsarewa.

Aikin limanci ya sa wannan maganar tana zuwa gabana ba sau ɗaya ba. Uba ya zo ya ce: Malam, sakamako ya fito, duka biyun AS ne, amma an kai lefe, an buga kati, kuma yaran suna son juna, mene ne hukunci? Ba na ce masa auren bai halatta ba, domin ban da hujjar da zan ɓata aure da ita a kan wannan, kuma kashi 75 ma gaskiya ne kamar yadda 25 yake gaskiya. Amma ina ce masa ya tuna da mutum ɗaya da ba ya cikin zaman nan kuma ba a nemi shawararsa ba, alhali shi ne zai kwana yana ihu saboda ciwon ƙashi. Ango da amarya suna da damar su yarda su ɗauki wahala a kan kansu. Ban ga inda suka samu damar yarda a madadin wanda ba a haifa ba. Wanda ya taɓa zaman jinyar yaro mai sikila da tsakar dare ya san abin da nake nufi. Idan suka ji duk wannan suka zaɓi ci gaba, to su sani sun ɗauki amanar kula da yaron har iyakar ƙarfinsu, kuma kada ranar da ciwo ya tashi uba ya ce wa uwa daga wajenki ne. Daga wajen su biyun ne, haka gadon yake.

Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma abu ne mai kyau. Matsalar ita ce lokacin da muke yin gwajin. Gargaɗin da ya zo saura mako biyu biki, bayan zukata sun shaƙu, dangi sun kashe kuɗi, ya zo ne sanda sharaɗi na uku ya kusa kuɓucewa. Shi ya sa wasu ke zuwa su sayi takardar bogi, wanda ni a wurina cin amana ne tsagwaronsa, ga wanda ya saya da wanda ya buga hatimi. Da kowane yaro da yarinya sun san rukunin jininsu tun suna makaranta, da maganar ta ƙare tun a gaisuwar farko ba tare da an karya zuciyar kowa ba. Wani abu kuma: kada sanin nan ya koma ƙyama. Yarinya mai SS idan ta auri mai AA ba za su haifi SS ba. Ana guje mata ne kawai saboda jahilci, kuma wannan ma zalunci ne da rabin ilimi ya haifar.

Magani fa? A Nuwamban 2023 Ingila ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su da fasahar CRISPR ta yadda za su koma samar da irin jinin da jariri ke da shi tun yana cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan a mayar masa bayan an share ɓargonsa da magunguna masu ƙarfi. Abin al'ajabi ne, wallahi. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Babu wanda zai tuhumi uba a Gumel ko Maraɗi don bai saya wa ɗansa ba. Tambayar tana kan waɗanda suka sa farashin, da shugabannin ƙasashen da ciwon ya fi yawa a cikinsu. Amma akwai na kusa. Binciken da aka yi a asibitocin Kano tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna ana iya gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ta hanyar awon gudun jini a jijiyoyin kai, a ɗora su a kan hydroxyurea, tsohon magani mai sauƙin kuɗi, haɗarin ya ragu. Wannan a garinmu aka gwada shi, da 'ya'yanmu. Attajirin da ke neman inda zai sa zakkarsa ko waƙafinsa, an gargaɗe shi ke nan, kuma yana da hali.

Shi kansa mai gargaɗin ba a bar shi haka ba. A Afrilun 2009 girgizar ƙasa ta kashe mutum 309 a garin L'Aquila na Italiya. Kwana shida kafin nan wani kwamitin masana ya zauna a kan ƙananan girgizar da ake ta ji, mutane suka fahimci cewa babu abin tsoro, wasu suka kwana a cikin gidajensu. A 2012 kotu ta yanke wa masana shida da jami'in gwamnati ɗaya ɗaurin shekara shida-shida. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan, ta bar hukunci mai sauƙi a kan jami'in da ya fito ya kwantar wa jama'a hankali. Har yau ilimi bai kai ga faɗin ranar girgizar ƙasa ba, iyakarsa ya ce yankin kaza yana cikin haɗari, a yi gini mai ƙwari. Ina ganin kotu ta biyu ta fi kusa da adalci. Wanda ya ce “ban sani ba” a inda ba a sani ba, ya sauke nauyi. Wanda ya mayar da “ba mu sani ba” ta koma “babu komai” don kada a tada hankali, shi ne ya ci amana. Kishiyarsa ma haka, wato masu tura saƙon murya a WhatsApp cewa ranar kaza gari kaza zai nutse. Idan aka yi ta kururuwar ƙarya, ranar ta gaskiya babu mai fitowa. Mu masu hawa mumbari ma mu ji tsoron Allah a nan, domin jama'a sun fi yarda da mu a kan masanan.

Saura na'ura. Idan manhaja ce ta yi hasashen, ta yi kuskure, wa za a kama? Ita dai ba mukallafa ba ce, ba ta da niyya, ba za a tashe ta a tambaye ta ba. Mafi kusan abin da na gani a fiƙihu shi ne hukuncin dabba: abin da ta taka, lamuninsa yana kan mahayinta ko mai janta ko mai korarta. Likitan da ya dogara da ita, da kamfanin da ya sayar, da hukumar da ta saya, su ne mahaya. Amma kiyasin bai rufe ko'ina ba. Mahayin doki yana ganin hanya. Mai amfani da irin waɗannan manhajoji sau da yawa ba ya iya ganin dalilin da ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, har su masu ƙera ta ba ko yaushe suke iya bayani ba. Ga shi kuma daga bayanan da aka tara take koyo, tashoshin awon yanayi a Afirka kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da Turai. Shaida ce da ta fi sanin garin wasu a kan namu, don haka tana buƙatar tazkiyya kamar kowane shaida: a gwada maganarta a kan daminarmu shekara da shekaru kafin a ba ta cikakkiyar yarda.

Ku ɗauka wani dagaci ne a bakin kogi, saƙo ya shigo wayarsa cewa akwai yiwuwar kashi 40 cikin 100 ruwa zai haura cikin kwana uku, ga shinkafa ta nuna saura yanka. Idan ya ce a tashi, ruwa bai zo ba, an yi asarar kwanaki, wataƙila ɓarayi sun shiga gonaki, baɗi kuma ba mai sauraronsa. Idan ya yi shiru ruwa ya zo, to an gargaɗe shi. Abin da nake gani shi ne ba shi da damar riƙe saƙon a aljihu, ba shi kuma da damar ƙara masa gishiri. Ya tara masu gidaje bayan sallar magariba ya faɗa musu adadin yadda ya zo, huɗu cikin goma, ya sa a fara kai tsofaffi da yara da masu ciki kan tudu tun da rana, a ɗaure kwale-kwale a kusa, majiya ƙarfi da suka zaɓi tsayawa yankan shinkafa su tsaya da saninsu, a kuma sa masu kwana a bakin ruwa suna duba sandar da aka kafa.

Wallahu a'alam.